Garantin gida a Amurka: yadda za ka gane ko ya dace da kai, da abin yi idan kamfani ya ƙi biyan gyara

Tambaya biyu ce ke yawan zuwa daga 'yan uwa da suka sayi gida a Amurka. Ta farko daga wanda dillali ya ce masa ya sayi garantin gida, yana son sanin ko asarar kuɗi ce. Ta biyu daga wanda ya riga ya saya, esi ya mutu ana tsakiyar zafin Yuli a Teksas ko Jojiya, kamfani kuma ya ce ba zai biya ba. Amsar duka biyun tana cikin takardu: abin da ke rubuce a yarjejeniyar, da abin da kai ka ajiye kafin kayan su lalace. Kuɗaɗen da za a ambata a nan kimantawa ne na abin da aka saba gani, suna hawa da sauka daga jiha zuwa jiha.

1. Fara sanin abin da kake saya

Garantin gida ba inshora ba ne, ko da yake a wasu jihohi hukumar inshora ce ke sa masa ido. Yarjejeniyar gyara ce ta shekara ɗaya. Kana biyan kamfani kuɗi, sau da yawa tsakanin dala 400 zuwa 800 a shekara, shi kuma ya ɗauki alkawarin gyara ko sauya kayan da suka lalace saboda tsufa da amfani na yau da kullum: esi, injin ɗumama gida, hitar ruwa, wayoyin lantarki, bututun ruwa, firji, kuka, injin wanki. Duk lokacin da ka kira su a turo mai gyara, akwai kuɗin zuwa da za ka biya daban, dala 75 zuwa 125, ko an yi gyaran ko ba a yi ba.

Inshorar gida, wadda bankin da ya ba ka bashin gida ke tilasta maka, ita ce ta gobara, guguwa, sata da makamantansu. Idan hita ta fashe ruwa ya jiƙe katakon ƙasa, hitar ta garanti ce, katakon na inshora ne. Kamfanin garanti ba ya biyan ɓarnar da lalacewar ta jawo.

Hattara: idan gidan sabon gini ne, kada ka sayi wannan garanti tukuna. Magina da yawa suna ba da nasu, shekara ɗaya kan ingancin aiki, shekara biyu kan lantarki da famfo da bututun iska, shekara goma kan ginshiƙan ginin. Sabbin kayan aiki kuma suna da garantin masana'anta, yawanci shekara ɗaya, kwampireson esi har shekara goma idan an yi masa rajista cikin kwana 60 zuwa 90 bayan sa shi. Kamfanin garantin gida ba ya biyan abin da masana'anta ke ɗauke da nauyinsa, don haka biyan banza za ka yi.

2. Ƙidaya kayanka da shekarunsu

Ɗauki waya ka zagaya gidan. Kowace na'ura tana da ƙaramin allo ko sitika mai ɗauke da lambar samfuri da lambar siriyal. Na esi yana jikin akwatin da ke waje, na hita a gefen tankin, na firji a bangon ciki, na injin wanki a bakin murfi ko ta baya. Ɗauki hoton kowanne. Wasu sun rubuta shekarar ƙira ɓaro-ɓaro, wasu sun ɓoye ta a cikin lambar siriyal, sai ka sa lambar a shafin kamfanin ka gano.

Sai ka auna da tsawon rayuwar da aka saba gani. Hitar ruwa mai tanki shekara 8 zuwa 12. Esi kamar shekara 15. Injin ɗumama gida 15 zuwa 20. Firji 10 zuwa 15. Injin wanke kwanuka wajen shekara 10.

A allon esi ka duba irin gas ɗin da yake sha. Wannan ƙaramin abu ne mai tsada. Idan ka ga R-22, injin tsoho ne, domin tun 1 ga Janairu 2020 aka hana ƙera wannan gas da shigo da shi Amurka, abin da ya rage a kasuwa kuma laba ɗaya na iya haura dala 100. Idan R-410A ne, shi ma an fara barinsa, sabbin injuna daga 2025 suna zuwa da R-454B ko R-32. Dalilin da ya sa ya dame ka: in akwatin waje ya mutu, sabon ba lallai ya dace da na cikin gida ba, sai an sauya duka biyun, kamfanin garanti kuwa zai so ya biya wanda ya mutu kaɗai.

3. Yi lissafi da biro da takarda

Ɗauki misali. Kuɗin shekara dala 600, kuɗin zuwa dala 100. A shekarar ka kira su sau biyu, kafasitar esi ta ƙone, famfon fitar da ruwa na injin wanke kwanuka ya tsaya. Ka kashe 800 ke nan. Da kanka ka kira mai gyara, kafasita kamar dala 250, famfon kamar 300, jimla 550. Ka yi asarar 250, ga jiran kwanaki.

Wata shekarar kuma kwampireso ya mutu, gyaran da ke cin dala 1,500 zuwa 3,000, ko hita ta fashe, sauyin da ke cin 1,000 zuwa 2,500. A nan garantin ya biya kansa, idan an amince da buƙatarka. Wannan "idan" ɗin shi ne dukan zancen.

Hukuncin da za a iya yankewa shi ne: garantin yana da amfani ga wanda kayansa sun haura shekara takwas, ya zuba duk abin da ya tara wajen sayen gidan, kuma gyaran dala dubu biyu zai girgiza shi. Yana da amfani kuma idan mai sayar da gidan ne ya biya shekarar farko, abin da ake yawan sa wa a cikin ciniki, kuma ya kamata ka nema. Ga wanda yake da ajiya, ko kayansa sabbi ne, ko yake da amintaccen mai gyara, gara ya buɗe asusu daban ya riƙa zuba dala 50 zuwa 70 ɗin nan kowane wata. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce ware kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin gidan kowace shekara don gyara.

Akwai wani abin da ke wa mutanenmu wuya. A ƙasarmu, in firji ya tsaya, kai za ka zaɓi mai gyara, ku yi ciniki, in bai yi maka ba ka sallame shi. A nan kamfani ne ke zaɓa, shi ke biyan mai gyaran, kuma farashin da yake biyansa ƙasa yake da na kasuwa. Ka riƙe wannan a rai, zai dawo a mataki na bakwai.

4. Karanta yarjejeniyar kafin ka ba da lambar kati

Kada ka dogara da tallar da ke shafin farko ko abin da mai amsa waya ya faɗa. Nemi samfurin yarjejeniyar jiharka, duk kamfanin kirki yana da shi a shafinsa. Wanda ya ce sai ka biya za a turo maka, bar shi. Shafi goma ne zuwa ashirin, kuma ga wuraren da za ka ja wa layi.

Iyakar biya. Kowace na'ura tana da adadin da ba za su wuce ba a shekara. Ana ganin dala 1,500 zuwa 5,000 kan esi, ƙasa da haka kan kayan kicin. Sauya esi gaba ɗaya yana iya cin dala 6,000 zuwa 12,000. Idan iyakarsu 2,000 ce, ka san inda sauran zai fito.

Lalacewar da ta riga yarjejeniya. Wasu suna biyan wadda ba a sani ba, wato wadda duban ido ko kunna na'urar ba zai nuna ba. Wasu ba sa biyan ko wacce, ka sani ko ba ka sani ba. Bambancin kalma biyu ne a takarda, amma shi ne ke raba yarjejeniya mai amfani da marar amfani ga mai tsohon gida.

Tsatsa, laka da rashin kulawa. Tsohuwar hita ba ta rasa tsatsa da laka a gindinta. Yarjejeniyar da ta cire su ta cire hitar ke nan a fakaice.

Gas ɗin esi. An sha ganin yarjejeniyar da ke biyan dala 10 kacal kan kowace laba. Esin gida matsakaici yana shan laba shida zuwa goma sha biyu. Lissafa ragowar da kanka.

Kuɗaɗen gefe. Izinin ƙaramar hukuma, daidaita aiki da dokar gini ta yanzu, kwashe tsohuwar na'ura, fasa bango don a kai ga bututu da sake rufe shi. Waɗannan su ne ke sa mutum ya ji an ce "an amince" amma a miƙo masa takardar dala 600.

Sasanci. Kusan dukkansu suna da sashen da ya ce ba za ka kai su babbar kotu ba, sai gaban mai sasantawa. Duba ko an bar maka ƙofar kotun ƙananan ƙararraki. Yawanci an bari.

Hattara: akwai jiran kwana 30 daga ranar biya kafin garantin ya fara aiki, sai dai in an saye shi tare da gidan a ranar sa hannu. Wanda ya ji esi ya fara ƙara ya ruga ya saya, ya kira su a kwana na 31, shi ne farkon wanda ake ƙi.

Hattara kuma da wasiƙun da ke zuwa ta gidan waya jim kaɗan bayan sayen gida, masu cewa "sanarwar ƙarshe", garantinka ya kusa ƙarewa, har da sunan bankinka a kai. Bayanan sayen gida a buɗe suke ga kowa a ofishin gunduma, daga nan suke kwasowa. Bankinka ba ya tilasta garantin gida.

Kafin ka zaɓi kamfani, duba rajistarsa. A Kalifoniya hukumar inshora ce ke ba su lasisi, a Fulorida ofishin kula da inshora, a Teksas hukumar lasisi ta TDLR ce tun Satumbar 2021, a Niyu Yok hukumar harkokin kuɗi ta jiha. Sa sunan kamfanin tare da sunan ofishin babban lauyan jiha a injin bincike. Ba sabon abu ba ne hukuma ta shiga: a 2015 kamfanin Choice Home Warranty ya amince ya biya kusan dala 780,000 don sasanta ƙarar da jihar Niyu Jasi ta shigar a kansa.

5. Tara shaida tun komai na aiki

Tun ran gini ran zane. Wannan matakin shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ke cin shari'a.

Rahoton mai duba gida, wanda ka biya dala 300 zuwa 500 kafin saye, shi ne babbar takardarka. Idan ya rubuta cewa ya kunna esi yana sanyi, hita tana zafi, to bakin mai cewa lalacewar tsohuwa ce ya mutu. Amma takobi ne mai kaifi biyu: idan rahoton ya nuna matsala ba a gyara ba, kamfanin zai yi amfani da shi a kanka. Duk abin da rahoton ya nuna, a gyara, ka riƙe rasit.

Kira mai esi ya yi masa sabis sau ɗaya a shekara, dala 75 zuwa 200, kuma ya rubuta abin da ya yi: ya wanke kwayil, ya auna gas, ya duba kafasita. Rasit mai cewa "sabis" kawai ba shi da ƙarfi. Sauya filtar iska kowane wata ɗaya zuwa uku, ka rubuta kwanan wata a gefen filtar da alƙalamin maka, ka ɗau hoto. Zubar da ruwan hita sau ɗaya a shekara don laka ta fita, ka ɗau ɗan bidiyo. A ranar da garantin ya fara aiki, ɗauki bidiyon kowace na'ura tana aiki. Minti goma ne.

Zuba duka a jaka ɗaya a waya ko imel, tare da yarjejeniyar kanta.

6. Ranar da abu ya lalace

Kashe na'urar. Ci gaba da kunna esin da ke ƙara ko firjin da ke zafi yana ba su damar cewa kai ka ƙarasa shi. In ruwa ne, rufe bawul, ka ɗau hoto kafin ka goge.

Shigar da buƙata a ranar, ta shafinsu ko manhajarsu, don a samu kwanan wata a rubuce. Rubuta lambar buƙatar.

Faɗi abin da ka gani kawai: "Esi ya daina sanyi yau da rana." Kada ka yi hasashen dalili, kada kuma ka yi irin hirar da muka saba, "ai dama ya daɗe yana ba mu wahala." Ana naɗar wayar, kuma wannan jimlar kaɗai ta isa a ce lalacewar tsohuwa ce ko ka yi sakaci. Ba ana cewa ka yi ƙarya ba ne. Idan ya yi wata uku yana ƙara, kuskuren shi ne rashin kira tun ranar farko.

Hattara: kada ka kira naka mai gyaran ya kwance komai, kada kai ma ka taɓa. Gyaran da ba su ba da izini ba ba sa mayar da kuɗinsa, kuma suna iya soke alhakin na'urar gaba ɗaya. Yawancin yarjejeniyoyi suna cewa za a haɗa ka da mai gyara cikin awa 48. Idan lokacin ya wuce, ko babu mai gyaransu a yankinka, nemi izinin amfani da naka, ka karɓi lambar izini da adadin da suka yarda a rubuce kafin a ɗaga sukudireba. Idan akwai jariri, tsoho ko marar lafiya a gidan kuma babu sanyi ko ɗumi, faɗa musu, ka nemi a sa buƙatar cikin na gaggawa.

7. Idan mai gyara ya zo

Ka kasance a gida da kanka. Abin da wannan mutumin ya rubuta wa kamfani shi ne hukunci, ma'aikacin da ke ofis bai taɓa ganin na'urarka ba. Ka tuna kuma wa ke biyansa.

Karɓi sunansa, sunan kamfaninsa da lambar lasisi. Tsaya kusa da shi cikin mutunci, ka nuna masa rasit ɗin sabis tun kafin ya fara. Tambaye shi kai tsaye: me ya lalace, me ya jawo, me za ka rubuta? Idan ya ce tsufa ne, roƙe shi ya rubuta hakan a takardar da zai bar maka. Ɗau hoton ɓangaren da ya lalace da na awon da mitarsa ta nuna. Idan an cire wani abu, riƙe shi, kada ya tafi da shi.

Kada ka sa hannu a takardar da ba a cike ba, kada kuma ka yarda da "ƙarin aikin da garanti ba ya biya" nan take. Ce a rubuto maka dalla-dalla. Wasu daga cikin kuɗaɗen gaskiya ne, kamar ƙaramin tankin rage matsi da doka ta wajabta a wasu garuruwa idan an sauya hita. Wasu kuwa hanyar cike giɓin abin da kamfani ya rage masa ce. Kira wani mai gyaran a waya ka ji farashinsu.

Biya kuɗin zuwa da katin bashi, ba tsabar kuɗi ba.

8. An ƙi biya: nemi dalili a rubuce

Yawanci ta waya ko gajeren saƙo za ka ji. Kada ka yi faɗa da mai amsa waya, ba shi da ikon sauya komai. Nemi abu uku ta imel: wasiƙar ƙin biya, lambar sashen yarjejeniyar da suka dogara da shi, da rahoton mai gyaran tare da hotunansa. Na ukun suna jan ƙafa a kai. Idan sun hana, kira kamfanin mai gyaran kai tsaye ka nema.

Sai ka ajiye sashen da rahoton gefe da gefe. Sau da yawa ba sa haɗuwa. Mai gyara ya rubuta "akwai ƙura a kwayil", ofis ya mayar da shi "rashin kulawa", alhali abin da ya mutu injin fanka ne wanda ƙurar ba ta shafe shi ba. Tambayar da za ka riƙe ita ce: abin da suka ambata shi ne ya jawo lalacewar, ko dai kawai an gan shi a wurin?

Buɗe littafin kira: kwanan wata, lokaci, sunan wanda ka yi magana da shi, abin da ya ce. Bayan kowace waya tura imel mai layi uku da ke maimaita abin da aka faɗa.

Hattara da naɗar waya. A Teksas da Niyu Yok yardar mutum ɗaya ta isa, amma a Kalifoniya, Fulorida da Merilan sai kowa ya yarda. Mafi sauƙi ka ce a farkon wayar kana naɗa.

9. Samo ra'ayi na biyu

Duba yarjejeniyar, wasu suna ba ka damar neman mai gyara na biyu daga wurinsu cikin 'yan kwanaki, kuma in ya saɓa wa na farko ba za ka biya kuɗin zuwa ba. Nema. Amma wanda ya fi nauyi shi ne mai lasisi mai zaman kansa da kai ka kira, dala 100 zuwa 200.

Gaya masa dubawa kawai zai yi, ba gyara ba. Rahotonsa ya kasance a takardar kamfaninsa, da lambar lasisi, kuma ya amsa dalilinsu kai tsaye. Idan sun ce rashin kulawa, ya rubuta abin da ya kashe na'urar da ko kulawa za ta hana. Idan sun ce an sa ta ba daidai ba, ya rubuta cewa ta yi shekara kaza tana aiki a haka. Idan sun ce tsohuwar lalacewa ce, ya rubuta ko na'urar za ta iya aiki watanni da irin wannan matsalar. Ya haɗa da kiyasin kuɗin gyara.

In zafi ko sanyi ba zai bari ka jira ba, sanar da su a rubuce cewa za ka yi gyaran da kuɗinka ranar kaza kuma za ka nemi a mayar maka, ka ba su damar sake dubawa kafin ranar. Ajiye tsohon ɓangaren a gareji.

10. Rubuta wasiƙar neman sake dubawa

Shafi ɗaya ya isa. Lambar yarjejeniya da lambar buƙata a sama. Sai kwanakin abin da ya faru a jere. Sai dalilin da suka bayar da sashen da suka kawo. Sai dalilin da ya sa sashen bai hau kanka ba, kana nuni da takardun da ka haɗa: rahoton duba gida, rasit ɗin sabis, rahoto na biyu, hotuna. Sai abin da kake nema da adadinsa, gyara ko dala kaza. Sai wa'adi, kwana 14, da cewa bayan haka za ka kai ƙorafi hukumar jiha da kotun ƙananan ƙararraki.

Ban da zagi, ban da labarin wahalar da iyali suka sha har shafi uku. Tura ta imel, ka kuma tura ta gidan waya da rajista mai dawo da shaidar karɓa, zuwa adireshin da yarjejeniyar ta ce a aika sanarwa. Kuɗinsa bai wuce dala goma da 'yan kai ba. Wasu yarjejeniyoyin suna da wa'adin ɗaukaka ƙorafi, kada ka bari ya wuce.

11. Idan sun yi tayin kuɗi

A nan ne yawancin rigingimu ke ƙarewa. Za su ce su ba ka kuɗi maimakon gyara. Adadin ba farashin kanti ba ne, farashin da su suke sayen kayan a sari ne, don haka firjin dala 1,800 ana iya yi maka tayin 900. Tayin farko ba shi ne na ƙarshe ba. Nemi lambar samfurin da suka yi lissafi da shi, ka gwada girma da ƙarfinsa da naka. Yarjejeniyar tana alkawarin mai kama da naka a aiki da girma, ba a suna ko launi ba. In sun yi lissafi da ƙarami, nuna musu. Tambaya ko kuɗin aiki da na kawowa suna ciki.

Hattara: karanta takardar da za ka sa wa hannu kafin a ba ka cek. Wasu suna rufe duk wata buƙata kan wannan na'urar, wasu har da sharaɗin ka janye ƙorafin da ka kai. Kada ka janye sai kuɗin ya shiga asusunka.

12. Hukuma da kotu

Wa'adi ya cika ba amsa, sai ka shigar da ƙorafi wuri uku a rana ɗaya, duka kyauta ne kuma ta intanet: hukumar da ke ba kamfanin lasisi a jiharka, sashen kare masu saye na ofishin babban lauyan jiha, da Better Business Bureau. Ta ƙarshen ba hukumar gwamnati ba ce, ba ta da ikon tilasta kowa, amma ƙorafin yana fita fili kuma yana kai takardarka teburin wanda ke da ikon sa hannu. Haɗa wasiƙar nan ta mataki na goma da takardunta, ba sai ka sake rubutu ba.

Kotun ƙananan ƙararraki ba ta buƙatar lauya. Iyakarta dala 20,000 a Teksas, 15,000 a Jojiya, 12,500 ga mutum ɗaya a Kalifoniya, 10,000 a birnin Niyu Yok, 5,000 a Merilan. Kuɗin shigar da ƙara daga 'yan gommai ne zuwa ɗari da wani abu. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta sunan talla maimakon sunan kamfanin na doka. Sunan na doka yana shafin farko ko na ƙarshe na yarjejeniyar, wakilin da ke karɓar musu sammaci kuma yana shafin sakataren jiha. Je da kwafi uku na komai, ɗaya na alƙali, ɗaya nasu, ɗaya naka. Idan ba ka sake da Turanci ba, nemi tafinta tun lokacin shigar da ƙarar, ba ranar zama ba.

Idan yarjejeniyar ta rufe ƙofar kotu sai sasanci, duba wace ƙungiya ta ambata. A ƙarƙashin dokokin masu saye na AAA, ƙungiyar sasanci ta Amurka, kasonka ɗan kaɗan ne, dala ɗari biyu da 'yan kai, kamfanin ke ɗaukar mafi yawan kuɗin zaman. Shi ya sa buƙatar dala 2,000 sau da yawa ake biyanta kafin a zauna.

Kuɗin zuwa da ka biya da katin bashi ba a zo ba, kana da kwana 60 daga ranar takardar banki ka ƙalubalance shi.

13. Sokewa

Yawancinsu suna sabunta kansu kowace shekara, kuma farashin shekara ta biyu ya fi na farko. Sa tunatarwa a waya kwana 45 kafin ƙarewa. Soke a cikin kwana 30 na farko yana dawo da kuɗinka, ban da abin da suka kashe maka. Bayan haka sai su lissafa watannin da suka rage, su cire kuɗin ofis da kuɗin gyaran da suka yi, wani lokaci ba abin da ke saura.

Kada ka soke kana tsakiyar rigima, kada kuma ka daina biyan na wata, domin rashin biya dalili ne da ba ka da amsarsa a gaban alƙali. Bari a gama, kuɗin ya shigo, sannan ka tura takardar sokewa ta imel, ka karɓi lambar shaida, ka duba takardar bankin wata biyu masu zuwa ka tabbatar sun daina cira.